Kwanso Arba'in da Uku

Ni ɗan maƙera ne, kuma na daɗe ina ɓoye wannan. Mahaifina maƙerin fari ne a cikin birnin Kano, aikinsa tagulla da azurfa: munduwa, zobe, awarwaro, wani lokaci 'yar tasa. Tun ina firamare yara ke tsokanata wai ina warin gawayi, ni kuwa na ƙudure a raina sai na yi karatun da zai raba ni da zuga-zugi har abada. Karatun ya kai ni Greensboro a tsakiyar shekarun casa'in, ina da shekara talatin da 'yan kai, na bar mata da 'ya'ya biyu a gida, ina neman digiri na uku a fannin tattalin arzikin noma. Wata huɗu da zuwana sai ga ni zaune a gaban bokitin tagulla ina tsince ta ɗaya bayan ɗaya, kamar ban taɓa barin rumfar mahaifina ba.

Ɗaki na kama a bayan gidan wani dattijo baƙar fata a East Greensboro, tafiyar minti goma sha biyar da ƙafa zuwa jami'a. Ya yi fiye da shekara talatin yana aiki a masaƙa kafin ya yi ritaya. Matarsa ta rasu shekara uku kafin zuwana, 'yarsa guda ɗaya tana aure a wani gari mai nisa can arewa. Mutum ne dogo, mai magana a hankali, kuma dattijon coci ne a unguwar. Ranar farko ya ce in riƙa kiransa da sunansa gatsal. Na gwada sau ɗaya, harshena ya ƙi, don mutumin ya girmi mahaifina. Sai na koma ce masa Baba. Ya tambayi ma'anar, na gaya masa, ya ce to, shi bai taɓa samun ɗa namiji ba, amma ba zai hana ni ba. Da ya tambaye ni sana'ar mahaifina, na ce ɗan kasuwa ne.

Wata Asabar na ji ƙwaras-ƙwaras daga gareji, na leƙa. Abin da na fara gani ƙaramar bindiga ce a kan tebur. Inda na fito, in ka ga irin wannan bindiga, to ko ɗan sanda ne ko ɗan fashi, kuma dukansu biyun ba ka son su a gidan da kake kwana. Har na fara tunanin neman wani ɗaki a Glenwood inda sauran ɗalibai suke. Baba ya lura da fuskata, ya jawo mini kujera. Ya ce duk Asabar ɗin farkon wata, shi da abokansa uku sukan je gonar ɗayansu a bayan gari su kafa takarda su harba, don gwada saiti. Ba sa farauta, kuma tun da yake bai taɓa nuna wa ɗan Adam bakin bindiga ba. Abin da ya fi so ma ba harbin ba ne, aikin da ke bayansa ne. In an harba, dalmar ta tafi, abin da ya rage shi ne kwanso, ɗan bututun tagulla wanda bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Wasu a nan suke barinsa a ƙasa. Shi kuwa tsince shi yake yi, ya wanke, ya sake cika shi ya zama harsashi.

Ban san lokacin da na zama ɗan garejin ba. Yana da wani injin hannu da aka ɗaure a jikin tebur, mai dogon mariƙi. Da shi yake mayar da kwanso daidai girmansa, ya sa masa sabuwar 'yar ƙwayar da ke tayar da wuta a gindi, ya zuba albarushin da ya auna a ɗan sikeli, sannan ya danna dalma a baki. Dokokinsa ba su da yawa amma ba ya sassauta su. Ba a kunna rediyo. Ba a magana in yana awo. Albarushi iri ɗaya kawai ake ɗorawa a tebur. Ni ban taɓa taɓa albarushin ba, kuma ban taɓa harba bindiga ba har yau. Aikina shi ne duba: in ɗaga kowane kwanso a hasken taga, in juya shi, in ga ko bakinsa ya tsage.

Ya ba ni wannan aikin ne saboda idonsa. Ciwon suga yana cin ganinsa a hankali, ya kai ga ba ya iya ganin tsaga ko da madubin ƙara girma. Amma kunnensa lafiya lau. Yakan damƙi kwanso cike da hannu, ya girgiza a kusa da kunne, ya ce, "Akwai fasasshe a nan." In na bincika kuwa sai in same shi. Lafiyayyar tagulla tana da amo, mai tsaga kuwa muryarta a dishe take. Na yi ta nuna masa mamaki kamar ban taɓa ganin irin wannan ba, alhali haka mahaifina ke gwada munduwa, ya sake ta a kan uwar maƙera ya saurara.

A gwangwanayen kofi yake ajiye kwanson, kowanne da 'yar takarda manne a jiki. Duk lokacin da ya sake cika na wani gwangwani, sai ya ja layi ɗaya a takardar. In na wani gwangwani suka fara tsagewa, ba ya tsaya zaɓe, duka yake yi wa ritaya, da masu tsaga da marasa tsaga. Yakan ce, "Sun gaji," ya ajiye su a kanta kusa da ƙofa, ranar da ya samu hali ya kai wa masu sayen tsohon ƙarfe.

Wannan abu yana ba ni haushi ƙwarai. A gidanmu ba a zubar da ƙarfe. Ko garin tagullar da zarto ya zubar, share shi ake yi a tara a ƙoƙo. Kuma na san maganin gajiyar tagulla tun ban fi shekara bakwai ba. In ta sha guduma takan taurare, ta yi taurin kai, in ka matsa mata ta tsage. Sai ka mayar da ita wuta har ta yi ja, ka tsoma a ruwa, ta dawo da laushinta kamar sabuwa. Sau dubu na ga mahaifina yana yi, ni nake masa zuga. Sau da yawa maganar ta zo bakina, amma in na faɗa sai Baba ya tambaye ni inda na sani, ni kuwa na riga na ce masa ɗan kasuwa ne ya haife ni. Sai in yi shiru ina kallonsa, ina cewa a raina: ga ƙasar da ta kai mutum duniyar wata, amma ba su san a mayar da tagulla wuta ba.

Akwai wani shuɗin gwangwani da ya fi sauran tsufa. Layukan farko a takardarsa da wani hannu aka ja su, sirara, a karkace. Na matarsa ne. Ita ba ta harbi, amma takan bi shi gonar da kujerarta mai naɗewa, in sun gama ta bi ciyawa tana tsince masa kwanso a cikin rigar girkinta. Wata rana da bazara ta shigo, na sami biyar masu tsaga a cikin gwangwanin nan. Na so in ɓoye, amma ya riga ya ji da kunnensa. Ya rufe murfin, ya riƙe gwangwanin a cinya ya daɗe, sannan ya tashi ya ajiye shi a kantar bakin ƙofa. Ranar bai ƙara yin aiki ba.

A cikin watan nan 'yarsa ta zo ta kai shi wajen likita. Da suka dawo magana ta ƙare: ba zai ƙara tuƙi ba, za a sa gidan a kasuwa, ƙarshen wata mai zuwa za ta zo ta ɗauke shi ya koma wajenta. Can ba gareji, ba gona, kuma ta ce bindiga ba za ta shiga gidan da 'ya'yanta suke ba. Bai yi gardama ba. Abu ɗaya ya roƙa, a bar masa Asabar ɗin farkon wata, ta ƙarshe. Ya ce zai cika ɗari uku, su huɗun duka su harba nasa, sannan ya bar wa mai gonar bindigar da injin da kwanson. Ya juye duk gwangwanayen kirki a babban bokiti ɗaya, ya ce yanzu layukan ba su da sauran amfani a wurinsa.

Ranar Lahadi da ya tafi coci na shiga garejin na ɗauko shuɗin gwangwanin. Na zauna a hasken rana na zaɓi marasa tsaga, guda arba'in da uku. Na kunna murhun gas ɗin ɗakina, na riƙe kowanne da filaya na kara a wuta har ya yi ja daga baki zuwa gindi, na jefa a kwanon ruwa. Sun fito baƙi ƙirin, amma wannan ma na san maganinsa. Ina da tsamiyar da matata ta aiko mini don kunun azumi, na jiƙa ta, na ɗebo toka a murhun gashin da ke bayan gida, na dirje su ɗaya-ɗaya har suka yi ƙyalli. Da suka bushe na zuba su a babban bokitin na juya da hannu.

Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi a ranar irin wanda ban ji ba tun da na zo ƙasar. Shekara ashirin rabona da in riƙe tagulla a wuta, amma hannuna bai manta ba, idona bai manta launin ba. Na tsara yadda zan yi. Bayan an gama harbi, an naɗe kujeru, zan ce masa, Baba, kwanson da matarka ta tsince ma sun yi magana yau. Sannan in gaya masa ko ni ɗan waye. Na yi niyyar alheri, wannan gaskiya ne. Amma akwai son a yaba mini a ciki, kuma ba kaɗan ba.

Mako biyu muka yi muna aikin. Sau ɗaya yana jan mariƙin injin ya tsaya ya ce, "Wannan ya shiga da sauƙi." Ya murza kwanson a yatsu, ya miƙo mini in duba. Na duba na ce lafiyarsa ƙalau, ina murmushi a ɓoye.

Ranar Laraba, saura kwana uku, muka gama, ba kwanso ko ɗaya da ya rage a bokitin. Muna jera harsasan a ƙananan kwalaye, kaina ya kumbura, na kasa haƙuri. Na ce, "Baba, wai ba wanda ya taɓa tunanin mayar da gajiyayyen kwanso wuta ya yi laushi?"

Ya ce akwai masu yi, amma da dogon kwanson babbar bindiga, kuma bakin kawai suke gasawa, suna kare gindin kada zafi ya kai gare shi. Na ƙaramar bindiga ya yi gajarta, kafin baki ya yi zafi gindi ya ɗauka. "Gindin nan shi ke tare duk ƙarfin," in ji shi, yana buga shi da farce. "Dole ya zauna da taurinsa. In ya yi laushi, wutar ba gaba za ta yi ba, baya za ta dawo. Hannunka ne a wurin, da fuskarka." Sai ya ba ni labarin wani da suka taɓa harbi tare, wanda rumfar ajiyarsa ta ƙone, ya tsince kwanson daga cikin toka ya goge ya cika, don yana ganin asara ce a zubar. Yanzu yatsu uku gare shi a hannun dama, da hagu yake ɓalla maɓallin riga.

Ya juyo da fuskarsa wajena. "Me ya sa ka tambaya?"

Na ce, "Haka kawai."

Kalma biyun nan su ne abin da na fi jin kunya a rayuwata, sun fi wutar da na kunna. Wutar jahilci ce. Wannan kuwa da sanina na faɗa.

Ranar Alhamis da rana, yana barcin da yakan yi bayan cin abinci, na lallaɓa gareji na buɗe kwalayen. Na ɗauka zan gane nawa in zare su ba wanda ya sani. Na ɗaga su a taga ɗaya bayan ɗaya, ɗari uku, duk ƙyalli ɗaya suke yi. Na goge su da kyau fiye da kima. Na girgiza su a kunne, amma cikakken harsashi ba ya amo. Sai na koma lallashin kaina. Na ce mahaifina shekara arba'in yana wannan aiki, ba a taɓa cewa tagullarsa ta cuci kowa ba. Na ce watakila tsohon yana ƙara gishiri ne, irin na tsofaffi. Har haushinsa na ji, wai me ya sa bai gaya mini tun farko ba, kamar na taɓa tambayarsa. Da yamma ya kira ni cin abinci, ya dafa kifi don ya san ba na cin naman da ban san yankansa ba. Na zauna ina kallon hannunsa na dama a kan cokali. Duk da haka ban yi magana ba. Ina tsoron abin da zai sami hannun, amma a ranar na fi tsoron yadda zai dube ni.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani Alhaji mutumin zangon Kumasi, direban tasi, ya rage mini hanya kamar yadda ya saba. Ya ga ba na magana, ya tambaya, na kwashe duka na gaya masa. Ya gangara gefen titi ya kashe mota.

Ya ce, "Malam, wannan matter ya yi serious paa, ba wasa ba. Mutum nawa za su yi shooting?"

Na ce huɗu.

"Tsofaffi huɗu, hannu takwas. Kai kana nan kana thinking kunyarka." Ya girgiza kai. "Ka zo kana PhD, amma wannan ko small sense ba ya so. Ka je ka gaya ma old man ɗin yau yau. Kar ka yi delay koraa, ko na minti ɗaya."

Na ce zai lalata masa ranarsa ta ƙarshe.

Ya ce, "Ka riga ka lalata. Abin da ya rage yanzu, ko a gida zai ji, ko a hospital."

Na sauka a ƙofar gida da niyyar faɗa. Na tarar da Baba a baranda yana guga, yana 'yar waƙar coci a hankali, ya jingina kujerar matarsa mai naɗewa a bango ya goge mata ƙura. Na gaishe shi na wuce ɗakina.

Asabar da safe ya fito cikin rigar da ya goge, da hularsa ta fita. Ni zan tuƙa shi a tsohuwar a-kori-kurarsa. Ya sa kujerar a baya, ya ce in ɗauko akwatin katakon da harsasan ke ciki. Na ɗauko, na taho da shi har bakin mota, sai na tsaya. Na dire akwatin a ƙasa. Na gaya masa komai a tsaye, ban tsara ba: shuɗin gwangwani, murhun gas, tsamiya da toka. Na ce mahaifina ba ɗan kasuwa ba ne, maƙeri ne, a wurinsa na koya, kuma na yi ne don in faranta masa.

Ya lalubi bayan motar ya zauna. Ya cire hular ya ɗora a gwiwa.

"Guda nawa?"

"Arba'in da uku."

"Kana iya gane su?"

"Na gwada, ban iya ba."

Ya gyaɗa kai. "Yaushe ka san akwai haɗari?"

"Tun Laraba."

"Laraba," in ji shi. Sannan ya ce, "Ranar Alhamis a teburina ka ci abinci."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na ce bari in ruga shago in sayo masa na kamfani, ko nawa yake so. Ya ce shekara talatin bai harba abin da bai fito daga teburinsa ba, ba zai fara a ranar ƙarshe ba. Ya ce in mayar da akwatin gareji in kulle, in kawo masa makullin. "Mu je, suna jiranmu."

A gonar ya gaya wa abokansa cewa an sami kuskure a teburinsa, harsasan ba su da aminci, kowa ya yi amfani da nasa. Bai ambaci sunana ba, bai ko juyo wajena ba. Suka yi ta miƙa masa nasu, ya gode ya ƙi. Ya buɗe kujerar matarsa a inuwa ya zauna, ya rufe ido. In aka harba sai ya faɗi wanda ya harba, wani lokaci ya ce, "Ka yi gaggawa," su yi dariya. Dariyar ba ta da ƙarfi. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina, sai na shiga ciyawa ina tsince wa tsofaffin kwansonsu a cikin hulata, ba wanda ya sa ni.

Ranar Litinin muka fara warware aikin mako biyu. Yana da wata guduma ta roba mai rami a kai, ana sa harsashi a ciki a buga, dalma da albarushi su fito. Kwana uku muka yi, ban je aji ba. Ƙwayoyin gindin shi ya cire su da kansa a injin, a hankali, ya sa ni na tsaya nesa. Ba ma hira. In yana son abu ya faɗi sunansa, in miƙa masa.

Da kwanson suka koma wayam a cikin bokiti, sai wani tunani ya zo mini. Na ce, "Baba, yanzu da ba komai a cikinsu, zan iya gane nawa da kunne. Wanda ya sha wuta ba ya amo kamar sauran." Na ɗauki 'yan kaɗan na riƙa sakinsu a kan siminti. Shida suka yi ƙara suka yi tsalle. Na bakwai ya faɗi da wata murya a danne. Na ga kansa ya ɗan karkata, ya ji.

Ya ce, "Na ji shi. Watakila ma za ka gane su duka."

Na ce to a cire su, sauran ɗari biyu da hamsin da bakwai lafiyarsu ƙalau, a bai wa mai gonar kamar yadda ya yi niyya.

Ya ce, "Mutumin nan yana da jikoki, da hannu biyu yake ɗaga su. Ba zan ɗora lafiyar hannunsa a kan kunnenka ba. Ko a kan nawa ba zan ɗora ba."

A kusurwar garejin akwai wani guntun ƙarfen layin dogo da yake daddale abubuwa a kai. Ya sa na jawo shi tsakiya. Ya lalubo guduma ya miƙo mini ta wajen ƙota. Ya ce ba ya son ko ɗaya ya fita daga gidan nan da siffar kwanso, kada wani ya tsinta a wurin masu tsohon ƙarfe ya ga yana ƙyalli ya ɗauka na kirki ne. "Ka ce mahaifinka maƙeri ne. To bismillarka," haka ya faɗa, don ya sha jin ina faɗin kalmar kafin in fara abu.

Na zauna a ƙasa na tanƙwashe ƙafa, yadda ake zama a rumfarmu. Ya jawo kujera bakin ƙofa, ya ɗauko shuɗin gwangwanin ya zazzage abin da ya rage a ciki, ya riƙe shi wayam a cinya. Na fara bugu. Tagullar shekara talatin ce, wadda ya wanke ya goge ya ja wa layi, ina mayar da ita falle-falle. Mai tauri takan yi ƙara ta ƙi, sai na ƙara mata. Can na ɗora wani, guduma ta sauka, ya kwanta lokaci ɗaya ba gardama.

Baba ya miƙo tafin hannu. "Ba ni wannan."

Na ba shi, ya jefa a gwangwanin. Muka ci gaba. Ban taɓa gaya masa ga ɗaya ba, idonsa ma a rufe yake. Duk sanda guduma ta sauka a kan mai laushi sai in ga hannun ya miƙo. Tun hantsi muke yi har la'asar ta kusa, kafaɗata ta yi tsami, tafin hannuna ya yi kanta. Ina bugu hawaye na zuba, ban share ba, don shi ba gani yake ba.

Da bokitin ya ƙare ya miƙo mini gwangwanin ya ce in ƙirga. Na zube su a kan tebur na ƙirga sau biyu.

Na ce, "Arba'in da uku."

Ya karɓa ya rufe murfin. Kunnena ya yi daidai, nasa ma ya yi daidai, ga kuma ɗari biyu da hamsin da bakwai a daddale a ƙasa. Ya ce in share wurin kafin in tafi salla.

'Yarsa ta zo ƙarshen wata. Na taya su loda kaya, ni ma na riga na sami ɗaki a Glenwood. Da za a shiga mota ta ga gwangwanin a hannunsa, ta ce a sa shi a but ɗin motar. Ya ce a'a, na mahaifiyarta ne, a cinyarsa zai tafi.

A wurinmu ba a rabuwa da babba ba a nemi yafiya ba. Na durƙusa a gefen ƙofar motar na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya shafa murfin gwangwanin da babban yatsa. Ya ce, "Wutar na yafe tun a ranar. Ɗan maƙeri ya ga tagulla ta gaji, me zai yi? Laraba zuwa Asabar ɗin ce har yanzu nake aiki a kanta." Sannan ya ce in na rubuta wasiƙa gida in gaida mahaifina, in gaya masa ɗansa ya iya riƙe guduma.

Ya miƙo mini hannun dama ta taga. Na riƙe shi da hannu biyu kamar yadda ake gaida manya a gida, na daɗe ban saki ba. 'Yarsa ta ɗauka kewa ce. Allah ya sani, yatsun nake ƙirgawa.